YAFIYA DABAN, BUƊE ƘOFA DABAN

 

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba. Faɗa na zo yi, kuma da wata 'yar magana zan yi faɗan, wadda aka fi jifan mace da ita a ƙasar nan, wato "ki yi haƙuri."

Miji ya fasa miki baki, ki yi haƙuri. Ƙanwar miji ta mayar da ɗakinki kasuwa, ta buɗe akwatinki ta zaɓi atamfa, ki yi haƙuri. Ƙawa ta kwashi sirrinki ta kai bakin rijiya, ki yi haƙuri. Ɗan uwa ya cinye jarinki sau uku ya dawo na huɗu, ki yi haƙuri. In kin buɗe baki sai a ɗauko Littafi Mai Tsarki a toshe miki shi, a ce ba Yesu ne ya ce a juya wa mai mari ɗaya kuncin ba? Ba shi ya ce a yi ta yafewa ba tare da lissafi ba? Shi ke nan sai ki koma ɗaki, ga ciwo a jiki, ga kuma tsoron ko kin yi wa Allah laifi.

To ni dai na ce rabin magana ake karanta mana. Cewa Littafin ya umarce mu mu yafe wa kowa, wannan babu ja. Amma a nuna mini surar da ta ce ki miƙa wa mugu mabuɗin ɗakinki. Yafiya kyauta ce, ana ba da ita ko ba a roƙa ba. Amana kuwa sai an gwada mutum an ga halinsa.

Kuma mu nan Zariya ba mu da uzurin rashin sani. Tun 1905 Likita Miller ya zauna cikin birnin Zazzau, a 1929 mishan ta koma Wusasa, a 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, kuma da hannunsa a cikin fassarar. Fiye da shekara 90 ke nan Littafin yana magana da harshenmu. Ki ɗauko naki ki kakkaɓe ƙurar, duk inda na ambata ki buɗe ki duba da idonki, kada ki yarda da ni haka kawai.

SHI KANSA MAI MAGANAR YAYA YA YI?

Maganar kunci tana Matiyu sura 5, kuma in kin karanta daga aya 38 za ki ga a kan ramuwa ake magana, wato kada ki rama mugunta da mugunta. To ranar da aka mari Yesu fa? Duba Yohanna 18:22-23. Wani ɗan tsaro ya kwaɗa masa mari a gaban babban firist. Bai rama ba, amma bai yi shiru ba. Ya dubi mutumin ya nemi ya faɗi laifin da ya yi, in kuwa babu laifi to marin na mene ne. Ashe tambayar wanda ya zalunce ki dalili ba rashin ibada ba ne.

A Luka sura 4 mutanen garinsu Nazarat sun ja shi bakin dutse za su jefa shi ƙasa. Bai tsaya ya ce ai 'yan uwana ne ba, ratsawa ya yi ta tsakiyarsu ya yi tafiyarsa. A ƙarshen Yohanna sura 2 an gaya mana akwai waɗanda suka taru gare shi saboda al'ajibai, amma shi bai saki jiki da su ba domin ya san abin da ke cikin ɗan Adam. Da zai aiki almajiransa a Matiyu sura 10 ya haɗa musu abu biyu, rashin cuta irin na kurciya da wayo irin na maciji, ya ce gidan da aka ƙi su su bar shi, garin da aka tsananta musu su gudu zuwa wani. Mu kuwa kurciyar kaɗai ake koya mana, an ɓoye mana macijin. Gaskiya ne ya ba da ransa a kan gicciye, amma da yardarsa ya bayar, a lokacin da ya zaɓa, domin ceton duniya. Ke mutuwarki a hannun mashayi wa za ta ceta?

HAWAYEN MUGU

Duk matar da ta taɓa zama da mai duka ta san wannan wasan. Yau ya farfasa ta, gobe ya shigo da tsire a leda da sabon zane, har da hawaye, wai shaiɗan ne. Bayan mako uku shaiɗan ya dawo.

Ba yau aka fara ba. Sarki Saul surukin Dawuda ne, ubangidansa ne, kuma shafaffe na Ubangiji. Ya jefe shi da mashi ba sau ɗaya ba. Mikal matar Dawuda, 'yar shi Saul ɗin, ita ta zura mijinta ta taga da dare ya tsere. Daga baya a 1 Sama'ila sura 24 Dawuda ya sami Saul a kogo, rai a hannunsa, ya ƙi taɓa shi. Saul ya fashe da kuka, ya kira shi ɗansa, ya amsa cewa shi ne mai laifi. To ki karanta ayar ƙarshe ta surar. Saul ya tafi gida, Dawuda kuwa ya koma maɓoyarsa a kan dutse. Bai bi shi ba! Kuma ya yi daidai, domin a sura 26 sai ga Saul ya sake fitowa farautarsa da sojoji 3,000. Dawuda ya yafe, ya girmama, bai rama ba, amma bai sake zama inda mashi zai same shi ba. Wa ya taɓa cewa Dawuda ba mai tsoron Allah ba ne?

Kuka ba shi ne tuba ba. Yohanna Mai Baftisma ya nemi masu zuwa wurinsa su nuna tubarsu a aikace. Zakka mai karɓar haraji da ya tuba, alkawari ya yi zai mayar wa waɗanda ya cuta ninki huɗu. Mai tuban gaske yakan faɗi laifinsa da bakinsa a gaban mutane, ya biya abin da ya ɓata, ya yarda a sa masa ido, kuma ba ya matsa miki ki dawo yau-yau. Wanda ya ce "ai na ba ki haƙuri, me kuma kike so?" wannan bai tuba ba, gajiya ya yi da girka wa kansa abinci.

Ki duba Yakubu da kawunsa Laban kuma. Shekara 20 yana masa bauta, ana ta sauya masa lada. Da tura ta kai bango ya kwashi iyalinsa ya tafi, kuma a Farawa sura 31 suka tara duwatsu suka yi iyaka, da sharaɗin kada ɗaya ya ƙetare ta domin ya cuci ɗaya. Sun ci abinci tare, sun rabu lafiya, kowa ya kama gabansa. Zumunci bai mutu ba, iyaka ce ta cece shi.

SURA ƊAYA CE FA

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, maganar yafewa ba iyaka da ake jifanmu da ita tana Matiyu 18:21-22. Ki ɗan ɗaga idonki sama kaɗan a wannan shafin, aya 15 zuwa 17. A nan Yesu ya shimfiɗa matakai. Wanda ya yi miki laifi ki same shi ku biyu ki gaya masa. In ya ƙi ji ki ɗauki mutum ɗaya ko biyu. In ya ƙi ki kai gaban ikkilisiya. In ya ƙi jin ikkilisiya ma, to a daina ɗaukarsa kamar ɗan gida. Baki ɗaya ne ya faɗi wannan ya faɗi wancan, a sura ɗaya. Don me ake wa'azin ƙasan shafi sau hamsin a shekara, saman shafi kuwa sai an yi sa'a?

Kuma ku lura, a waɗannan matakai wanda ya yi laifin ake kira, shi ake tsawatarwa, shi ake warewa. Mu kuwa mun juya abin. Mace ta kai ƙara da kumburarren ido, sai a zaunar da ita a yi ta tambayarta, me kika ce masa? Kin gama abinci da wuri? Kin durƙusa? Shi kuwa gogan ranar Lahadi yana gaba yana karɓar baiko. Iyayenmu fastoci da dattawan ikkilisiya, da girmamawa nake magana, akwai da yawa cikinku da suka tsaya wa mata tsayin daka, Allah ya saka musu. Amma wanda duk ya mayar da mace hannun mai dukanta domin kada sunan coci ya ɓaci, ya sani sunan coci ya riga ya ɓaci a gaban Mai coci.

Iyayenmu na Zumuntar Mata, ku ma ba zan tsallake ku ba. "Mu ma haka muka sha" ba aya ba ce. Ku tuna da Tamar 'yar Dawuda a 2 Sama'ila sura 13. Ɗan ubanta Amnon ya yi mata fyaɗe, wanta Absalom ya ce ta yi shiru tun da abin na cikin gida ne, ubanta ya yi fushi amma bai ɗauki mataki ba. Me shirun ya haifa? Ita ta ƙare a kaɗaice a gidan wanta, bayan shekara biyu Absalom ya sa aka kashe Amnon, gidan ya dagule. Rufa-rufa ba ta taɓa warkar da gida ba, miki ne da aka ɗaure da tsumma.

AURE BA KABARI BA NE

Ranar ɗaurin aure kowa ya haddace Afisawa 5:22, biyayyar mace. A ci gaba mana zuwa aya 25 har 29, inda aka ɗora wa miji ya ƙaunaci matarsa har ya ba da ransa dominta, ya kula da ita kamar jikinsa. Kolosiyawa 3:19 ta hana maza ƙuntata wa matansu. A 1 Bitrus 3:7 an gargaɗi miji cewa rashin girmama matarsa yana iya toshe addu'arsa. Ayar Malakai sura 2 da ake cewa Allah yana ƙin saki, ki karanta daga aya 14 ki ga da wa ake faɗa: da maza ne masu cin amanar matan ƙuruciyarsu. An ɗauki bulalar da Allah ya tanadar wa azzalumi ana dukan wadda aka zalunta da ita.

Ni ban ce kowace mace ta tattara kaya ba. Ina ƙaunar aure, kuma saɓani na harshe da haƙori kowane gida akwai shi, a nan ne haƙuri yake maganin zaman duniya. Amma in an kai ga duka, da shaƙewa, da wuƙa, da barazanar kisa, to ki fita ki tsira da ranki da 'ya'yanki tukuna, a yi sauran maganar kina da rai. Manzo Bulus da kansa a 1 Korintiyawa 7:10-11, bayan ya ce kada mace ta rabu da mijinta, ya san akwai wadda za ta rabu, ya kuma faɗi yadda za ta zauna, bai ce a kore ta daga ikkilisiya ba.

Wa ya manta da Osinachi Nwachukwu, mawaƙiyar bishara da muryarta ta shiga kowane gida? Ta rasu a Abuja ran 8 ga Afrilu 2022 tana da shekara 42. Bayan rasuwarta ne 'yan uwa da abokan aiki suka fito suna faɗin irin azabar da ta sha a gidan aure tana ɓoyewa. A watan Afrilu 2025 babbar kotun Abuja ta sami mijin da laifin kisa ta yanke masa hukuncin rataya. To ga ribar shirun nan: uwa a kabari, uba da hukuncin kisa a kansa, yara babu uwa babu uba. Wane aure aka ceta? Kuma ba ita kaɗai ba ce. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 36 cikin 100 na matan da suka taɓa aure sun fuskanci cin zarafi daga miji, na duka ko na kwanciya ko na ƙuntatawa, kuma fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ba. Ki ƙirga matan bencinku ranar Lahadi ki yi lissafi.

KAI ƘARA BA ZUNUBI BA NE

Wasu za su ce mai bi ba ya kai ɗan uwansa gaban hukuma. Wancan gargaɗin na 1 Korintiyawa sura 6 a kan ƙananan rigingimu na zaman yau da kullum ne. Shi Bulus ɗin da ya rubuta shi, da aka yi masa bulala a Filibi ba shari'a, ƙin fita ya yi daga kurkuku a ɓoye, ya ce sai mahukunta sun zo da kansu sun fitar da shi. A Urushalima ya hana a doke shi da hujjar shi ɗan ƙasar Roma ne, daga baya ya ɗaukaka ƙara har gaban Kaisar. A Romawa 13 ya kira mai mulki bawan Allah da aka ba takobi domin mai aikata mugunta.

A 2015 Najeriya ta yi dokar hana cin zarafin mutane, wadda ta mayar da dukan abokin aure da korar sa daga gida da ƙarfi laifi, ta kuma ba kotu ikon hana mai cutarwa kusantar wanda yake cuta. Jihar Kaduna ta yi irin tata a 2018. A 2019 aka buɗe cibiyar Salama a Asibitin Gambo Sawaba a nan Zariya domin waɗanda aka yi wa fyaɗe da cin zarafi. Ku dubi ma sunan asibitin. Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta rasu a 2001, 'yar Sabon Garin nan ce, Musulma, shugabar matan NEPU, ta sha duka da ɗauri saboda ta ƙi yin shiru a kan zaluncin da ake wa mata da talakawa. Yau sunanta ne a ƙofar asibiti, na masu dukanta kuwa wa ya riƙe?

ƘANANAN MACIZAI

Ba miji kaɗai ke cuta ba. Wadda ke zaune a gidan haya mai ɗaki goma a Hayin Dogo ko Muciya ta san maƙwabciyar da ke shigowa tun da safe wai aron ashana, ba za ta fita ba sai ta ƙirga naman miyarki. Karin Magana 25:17 ta ce a rage zirga-zirga gidan maƙwabci, 20:19 kuma ta hana abota da mai yawo da zance. Ki gaishe ta, in ba ta da lafiya ki kai mata kunu, amma zancen ɗakinki ya tsaya a ɗakinki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga ɗan uwan da ya mayar da ke banki. Kina tsaye a rana a kasuwar Samaru kina sayar da tumatir, shi yana majalisa yana karta. Galatiyawa sura 6 ta ce mu ɗauki nauyin juna, amma 'yan ayoyi kaɗan a gaba ta ce kowa zai ɗauki nasa kayan. A 2 Tasalonikawa 3:10 Bulus ya hana ciyar da wanda ya ƙi aiki da gangan. Ki taimaki marar lafiya da maraya da gwauruwa. Malalaci kuwa ki ce masa, "Yaya, abinci in ka zo za ka ci, amma jarina ba zan sake taɓawa ba."

Ga kuma masu yawon annabci, masu zuwa addu'a sai maigida ya fita, su ce sun ga mayya a danginki, su karɓi kuɗin mai. Bulus ya riga ya zana hotonsu a 2 Timoti sura 3, masu saɗaɗawa cikin gidaje suna kama mata, ya ce a guje su. A sura 4 ma ya ambaci Iskandari maƙeri da suna, ya bar wa Ubangiji sakayya, amma ya gargaɗi Timoti ya yi hankali da shi. Ashe gargaɗin 'yar uwa a kan mugu ba gulma ba ne.

Ku kuma ƙannena 'yan mata, na jami'a da na gida, Juma'ar da za ta yi kyau tun Laraba ake gane ta. Saurayin da ya mare ki a bakin ƙofar gidanku, ya fizge wayarki yana bincike, ya hana ki gaisa da 'yan uwanki, zobe ba zai sauya shi ba. Karin Magana 22:24 ta hana ko abota da mai zafin rai, balle aure. Malami ko maigidan aiki da ya kira ki ofis ya rufe ƙofa, ki tuna da Yusufu a gidan Fotifar, bai tsaya wa'azi ba, rigarsa ya bari ya ruga. In an dame ki da aike, ki yi irin na Nehemiya. Sau huɗu maƙiyansa suna aika masa ya sauko su gana, sau huɗu yana ba su amsa ɗaya, aiki ne a gabansa ba zai sauko ba. "A'a" ba ta buƙatar dogon bayani.

KADA A JUYA MINI MAGANA

Na san wata za ta ɗauki wannan littafi ta je ta gaya wa surukarta magana, ta ce iyaka take sakawa. Ba da yawuna ba. Tsohuwar da ke da mita ba muguwa ba ce, tsufa ne, ki girmama ta. Wanda ya gaya miki gaskiya mai ɗaci ba maƙiyinki ba ne. Iyakar da Littafi ya koya babu zagi a cikinta, babu gaba, babu zuwa wurin boka, babu fatan sharri. Romawa 12 ta ce mu zauna lafiya da kowa gwargwadon abin da ke hannunmu, mu bar wa Allah ramuwa, maƙiyi ma in yana jin yunwa a ba shi abinci. Kin ga ke nan ana iya miƙa tuwo ta kan katanga ba tare da an rushe katangar ba. Kuma kowace ta binciki kanta, kada ya zama ita ce macijin a gidan wata, a wurin 'yar aikinta, ko ɗan mijinta, ko matar ƙaninta.

Saboda haka 'yar uwa, ki yafe domin zuciyarki ta huta, ki yi wa mai cutar da ke addu'a da gaskiya. Amma ki faɗa wa mutum biyu da kika amince da su halin da kike ciki tun yau. Ki ajiye katin asibitinki da takardun yaranki da ɗan kuɗin mota inda hannunki zai kai da dare. In wata ta ƙwanƙwasa miki ƙofa tana kuka, ki buɗe, ki ba ta tabarma, kada ki fara da "me kika yi masa?" Allah ya halicce ki cikin kamanninsa, jikinki haikalinsa ne, bai ba kowa izinin rushe shi ba.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ubangiji ya ba mu zuciyar yafiya, ya ba mu idon ganewa, ya shirya mazajenmu da 'ya'yanmu, ya raba mu da mugun ji da mugun gani. Amin.

Taku a kullum, daga Samaru.